Gano Inda Aiki ke Maƙalewa: Binciken Jinkiri a Uwar Garken Buga Takardu

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsalar jinkirin buga takardu a ma'aikatun da ke tura aikinsu ta uwar garke guda, wato kwamfutar da ke karɓar ayyukan bugu daga sauran kwamfutoci, ta jera su, ta miƙa wa firintoci. An bi takarda tun daga lokacin da ma'aikaci ya ba da umarnin bugawa har ta fito, an raba tafiyar zango huɗu, an nuna alamar da kowane zango ke bayarwa idan shi ne ya riƙe aiki. An kafa misalai da tsarin Windows Server da na CUPS. Matsayin maƙalar shi ne, bai kamata a taɓa komai ba sai an auna lokaci an san inda aikin ya tsaya, domin kashe manhaja a sake kunnawa yana tafiya da shaidar da ake buƙata, sayen sabuwar uwar garke kuma ba kasafai yake zama magani ba.

1.0 Gabatarwa

Ƙorafin da ke zuwa wa jami'in kula da kwamfuta a ma'aikata gajere ne: "Firinta ta ƙi fitar da aiki," ko "Yau bugu yana da nauyi." Amsar da aka saba bayarwa ita ma gajeriya ce. A kashe manhajar jera aiki, a share duk abin da ke jira, a kunna, a ce wa mutane su sake turowa. Sau da yawa aiki yakan tashi, kowa ya koma kujerarsa. Bayan 'yan kwanaki matsalar ta dawo, a maimaita. In abin ya ishi shugabanni sai a rubuta takardar neman kuɗin sabuwar uwar garke mai ƙarfi, a kawo ta, a zuba mata tsofaffin direbobin firinta, jinkirin ya biyo su.

Abin da ke damuna a wannan al'ada shi ne asarar shaida. Aikin da ya toshe hanya, da girmansa, da kwamfutar da ta turo shi, da direban da ya sarrafa shi, duk suna cikin abin da aka share. Wanda ya share ya sami sauƙin rana ɗaya, ya kuma rufe wa kansa hanyar gano dalili. Jinkirin nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yake jira. Marar lafiya ne ke zaune sai an buga sakamakon gwajinsa, ɗalibi ne ke tsaye a ofishin rajista, mai ajiya ne a gaban kanta a banki. Shi ya sa nake ganin batun ya cancanci a yi masa bincike na tsari, kamar yadda ake yi wa rumbun bayanai ko hanyar intanet.

2.0 Zangunan da Takarda ke Bi

Zango na farko yana kan kwamfutar ma'aikaci. Manhajar da ya rubuta takarda da ita tana miƙa shafukan ga direba, shi kuma ya juya su zuwa yaren da firinta ke ji. Manyan yarukan biyu ne, PostScript na kamfanin Adobe da PCL na kamfanin HP, dukkansu sun fito a 1984. Akwai kuma ƙananan firintoci masu araha da ba su jin ko ɗaya, sai kwamfuta ta zana musu shafin ɗigo-ɗigo ta aika musu da hoton.

Zango na biyu shi ne tafiya daga kwamfutar zuwa uwar garke. Na uku zaman jira ne a can. A Windows, manhajar jera aiki, mai suna Print Spooler, tana gudana a matsayin spoolsv.exe, tana ajiye kowane aiki a jakar C:\Windows\System32\spool\PRINTERS cikin fayil biyu: mai ƙarshen SPL, wanda ke ɗauke da abin bugawar, da mai ƙarshen SHD, wanda ke ɗauke da bayanin mai aikin da firintar da za a kai. A Linux da macOS, CUPS ce ke wannan aiki. Michael Sweet ne ya fitar da ita a 1999, Apple ya saye ta a 2007, yanzu kuma ƙungiyar OpenPrinting ce ke kula da wadda Linux ke amfani da ita. Tana ajiye ayyuka a /var/spool/cups. Zango na huɗu shi ne daga uwar garke zuwa firinta, har injin ya ja takarda ya buga.

Ma'aikaci ba ya ganin waɗannan rabe-rabe, jira kawai ya sani. Aikin mai bincike shi ne ya raba jiran nan kashi huɗu, ya ga kashin da ya kumbura.

2.1 Awon Lokaci

Windows yana da rajistar da ke amsa wannan tambaya, amma a kashe take zuwa. Ita ce Microsoft-Windows-PrintService/Operational. Da an kunna ta, kowane aiki yana barin sawu: lamba 800 lokacin da aka fara ajiye shi, lamba 801 lokacin da aka fara bugawa, lamba 307 lokacin da uwar garke ta gama miƙa shi, tare da sunan mai aikin, da firinta, da ƙofar da aka bi, da girman aikin, da yawan shafuka. Idan aiki ya gaza, lamba 372 na fitowa a rajistar Admin. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi ita ce awon. In an daɗe ana ajiyewa, a dubi kwamfutar ma'aikaci da hanyar da ta haɗa ta da uwar garke. In ajiya ta kammala da wuri amma bugu bai fara ba, jira ne, ko wani aiki ya tare gaba. In bugu ya fara amma 307 ta daɗe ba ta zo ba, matsalar tana wajen direba, ko hanya, ko firintar kanta. In kuwa 307 ta zo nan take amma takarda ba ta fito ba, uwar garke ta fita daga zargi, a tashi a je gaban firinta.

Performance Monitor yana da rukunin ma'auni na musamman mai suna Print Queue, wanda ke ƙidaya ayyukan da ke jira, da waɗanda ake ajiyewa, da kurakurai, da sau nawa firinta ta ce ba ta shirya ba ko takarda ta ƙare. A haɗa shi da ma'aunin masarrafa, da na faifai, da yawan ƙwaƙwalwar da spoolsv.exe ta riƙe. A bar awon ya yi mako guda yana gudana, har da ranakun da babu ƙorafi, domin wanda bai san yadda lafiyayyen yini yake ba, ba zai gane marar lafiya ba. A CUPS, umarnin lpstat -t yana nuna halin kowace firinta, cupsctl --debug-logging kuma yana sa a rubuta kowane mataki da lokacinsa a /var/log/cups/error_log.

Akwai gwaji ɗaya mai sauƙi da ke rage rabin wahala: a dakatar da firintar a uwar garke, a turo takardar da ake kuka da ita, a leƙa jakar ajiya a ga girman fayil ɗin SPL. Wannan ya kawo mu ga abin da na fi zargi a yawancin lokuta.

3.0 Girman Aiki

Mutane suna auna takarda da girmanta a kan faifai. Fayil ɗin PDF mai megabayit 2, a ganinsu, ƙaramin aiki ne. Sai dai abin da ke tafiya zuwa firinta wani abu ne daban, wato abin da direba ya mayar da takardar. Lissafi zai nuna nisan da ke tsakaninsu. Takardar A4 tana da faɗin milimita 210 da tsawon 297. In za a zana ta da ɗigo 600 a kowane inci, ana buƙatar ɗigo 4,961 a kwance da 7,016 a tsaye, kusan ɗigo miliyan 35 ke nan. A baƙi da fari zalla, shafin bai wuce megabayit 4.4 ba. A launi, inda kowane ɗigo ke cin bayit 3, shafi guda ya haura megabayit 104 kafin a matse shi.

Direbobi suna matsewa, gaskiya ne, kuma shafin rubutu tsantsa ba ya zuwa kusa da wannan adadi, tunda umarni ake aikawa, ba hoto ba. Amma takardun da suka fi yawo a ofisoshinmu su ne waɗanda aka ɗauka da sikana ko da kyamarar waya: takardar shaida, rasit, wasiƙa mai hatimi. Kowane shafinsu hoto ne. Mu ɗauka an matse shafin ya koma kashi ɗaya cikin goma, megabayit 10. Takarda mai shafi 20 ta zama megabayit 200. A cikin gini ɗaya mai hanyar gigabit, daƙiƙu kaɗan ne. A reshen da ke haɗe da hedikwata ta hanya mai megabit 2 a daƙiƙa, aikin zai ci fiye da minti 13. In uwar garken tana hedikwata, firintar kuma tana reshen, aikin zai je ya dawo, sau biyu ke nan, alhali mai takardar da firintar suna ɗaki ɗaya. A duk wannan lokaci masarrafar uwar garke tana zaune ba abin da take yi. Ƙara mata ƙarfi ba zai rage ko daƙiƙa guda ba.

Maganin a nan yana hannu. A mayar da saitin asali na firintar zuwa baƙi da fari, mai son launi ya zaɓa da kansa. Rage ƙarfin zane daga ɗigo 600 zuwa 300 yana mayar da girman hoto kashi ɗaya cikin huɗu, kuma wasiƙar ofis ba ta rasa komai. A hana al'adar buga PDF a matsayin hoto sai inda ya zama dole. A gwada takarda guda da direban PCL 6 da na PostScript, a kwatanta girman SPL, domin wanda ya fi sauƙi ga wata takarda yana iya fin nauyi ga wata. Ga rassa, Microsoft ya shigo da Branch Office Direct Printing a Windows Server 2012, wanda ke barin kwamfutar reshe ta karɓi saiti daga uwar garke amma ta aika aikin kai tsaye ga firintar da ke kusa da ita.

Sai tambayar wa ke yin juyin. Tun daga Windows Vista da Server 2008, tsarin asali shi ne kwamfutar ma'aikaci ta juya takarda zuwa yaren firinta kafin ta turo. In an kashe wannan zaɓi, ayyuka suna isowa a tsarin EMF, uwar garke ce za ta juya na kowa. Babu wanda ya fi a kowane hali. Barin juyin ga kwamfutoci yana sauke wa uwar garke nauyi, amma yakan ƙara girman abin da ke bin hanya. Awo ne zai raba gardama: in masarrafa ce ta cika, a mayar da juyin ga kwamfutoci, in hanya ce ta ƙuntata, a sake tunani.

4.0 Direba

Direban firinta manhaja ce da wani kamfani ya rubuta, amma a tsohon tsari tana gudana ne a cikin spoolsv.exe kanta. Ma'anar wannan ita ce, direba ɗaya mai lahani yana iya cinye ƙwaƙwalwa, ko ya daskare, ko ya faɗi ya ja manhajar jera aikin gaba ɗaya, firintoci hamsin su tsaya saboda guda. Alamarsa a bayyane take ga mai dubawa. Ƙwaƙwalwar da spoolsv.exe ta riƙe tana hawa kullum ba ta sauka, sai an sake kunnawa. Wannan ne ma ya sa kashewa da kunnawa ke kama da magani. In manhajar ta faɗi, rajistar System tana rubuta lamba 7031 ko 7034, rajistar Application kuma tana rubuta lamba 1000 tare da sunan fayil ɗin da ya jawo faɗuwar. Sunan nan yakan nuna kamfanin da direban ya fito.

Tun Windows 7 da Server 2008 R2 akwai hanyar killace direba, inda ake fitar da shi ya gudana a PrintIsolationHost.exe, ko dai tare da wasu direbobin, ko shi kaɗai. Shawarata ita ce a ware duk sabon direba da duk wanda ake zargi shi kaɗai. In ya faɗi, shi kaɗai ya faɗi, kuma ana iya ganin cin ƙwaƙwalwarsa daban da na saura. Kuɗin wannan shi ne ƙarin ƙwaƙwalwa kaɗan, kuma ya fi tsayawar ma'aikata sauƙi.

Yawan direbobin ma ciwo ne. Uwar garken da ta shekara biyar tana aiki takan tara direbobin firintocin da aka daɗe da jefarwa, kowanne da 'yan rakiyarsa, masu lura da tona da masu lura da ƙofa, duk suna tashi tare da manhajar jera aiki. Umarnin Get-PrinterDriver da Get-Printer a PowerShell za su nuna waɗanda babu firintar da ke amfani da su. A cire su har da kunshinsu. Inda firintoci da yawa na kamfani ɗaya ne, direban gama-gari guda ya isa, muddin sigarsa ɗaya ce a uwar garke da kwamfutoci. Direbobin zubi na 4, da suka zo da Windows 8 da Server 2012, sun rage wannan rikici, tunda kwamfuta ba ta sauko da direba daga uwar garke, ko da yake wasu lokuta sukan rasa zaɓuɓɓukan da zubi na 3 ke da su.

Dole a ambaci shekarar 2021. A Yuli na wannan shekara aka bayyana kafar tsaro mai lamba CVE-2021-34527, wadda aka fi sani da PrintNightmare, da ke ba maharin damar gudanar da umarni da cikakken iko ta hanyar manhajar jera aiki. Gyaran da Microsoft ya fitar a Agusta ya sa sai mai ikon gudanarwa ne ke iya sauko da direba daga uwar garke. Na Satumba ya tsaurara yadda kwamfuta ke magana da uwar garke, inda ma'aikatu da yawa suka fara ganin kuskure mai lamba 0x0000011b. Wasu jami'ai suka bi gajeriyar hanya, suka cire gyaran ko suka kashe kariyar don bugu ya dawo. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Tun 2010 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Stuxnet ta bi ta wata kafa a wannan manhaja ta yaɗu tsakanin kwamfutoci. Hanyar da ta dace ita ce a daidaita sabuntawa a ɓangarorin biyu, a kuma girka direbobin a kwamfutoci tun da wuri ta hannun mai gudanarwa. CUPS ma ba ta tsira ba: a Satumba 2024 an bayyana kafa a cups-browsed, CVE-2024-47176, wadda ta sa ya wajaba a kashe shi inda ba a buƙatarsa.

5.0 Ƙofa da Hanya

Uwar garke tana kai aiki ga firinta ta ɗaya daga ƙofofi uku. Ƙofa 9100, wadda ta samo asali daga JetDirect na HP, tana zuba bayanai kai tsaye ba tare da dogon zance ba. Ƙofa 515 ta LPR ce, tsohuwar ƙa'idar da aka rubuta a RFC 1179 a 1990. Ƙofa 631 ta IPP ce. In an zaɓi LPR a Windows aka kunna ƙidayar bayit, sai an lissafa girman aikin duka kafin a fara turawa, wanda ke jinkirta manyan ayyuka. Firintoci da yawa kuma haɗi ɗaya suke karɓa a ƙofa 9100 a lokaci guda. Saboda haka in wasu ma'aikata sun haɗa kwamfutocinsu kai tsaye da firintar, sun kewaye uwar garke, to ita ma sai ta jira su, kuma rajistarta ba za ta nuna dalili ba.

Matsalar da ta fi ɓata lokaci a wannan zango ita ce ta SNMP. Windows yana tambayar firinta halin da take ciki ta ƙofa 161. In katangar tsaro ta tare tambayar, ko an canja kalmar shiga ta SNMP a firinta ba a canja a uwar garke ba, amsa ba za ta zo ba, sai Windows ya rubuta cewa firintar ba ta kan layi alhali lafiyarta ƙalau. Ayyuka su taru. A daidaita kalmar a ɓangarorin biyu, in ba zai yiwu ba a kashe tambayar a saitin ƙofar. Haka ƙofofin WSD da Windows ke ƙirƙira da kansa, ban ga amfaninsu a uwar garke ba, gara ƙofar TCP/IP mai adireshi tsayayye.

Don raba laifin hanya da na firinta, manhajar Wireshark ta isa. In an ga ana ta maimaita aika ƙunshin bayanai, hanya ce ke zubarwa: kebul ya lalace, ko bakin suwic da katin firinta ba su daidaita a kan gudu ɗaya ba, ko firintar tana kan Wi-Fi mai rauni. In kuwa firintar ce ke sanar da cewa tagar karɓarta ta koma sifili, hanya lafiya take, firintar ce ta cika, tana cewa a dakata mata.

Manhajar kariya daga ƙwayoyin cuta da ke binciken kowane SPL, da faifan da ya kusa cika saboda an bar zaɓin adana takardun da aka riga aka buga, su ma suna jawo nauyi. Mayar da jakar ajiya zuwa wani faifai daban da na babbar manhaja aikin minti kaɗan ne.

6.0 Lissafin Jira

Wani lokaci babu abin da ya lalace, aiki ne ya fi ƙarfin firinta. Ilimin lissafin jira, wanda A. K. Erlang ya fara a 1909 yana nazarin layukan tarho a Kopanhagen, yana da darasi a nan. Mu ɗauki firinta mai buga shafi 30 a minti, ayyuka kuma matsakaicinsu shafi 5. Tana iya gama aiki 6 a minti, kowanne daƙiƙa 10. A mafi sauƙin tsarin lissafin, inda ayyuka ke zuwa ba bisa ƙa'ida ba kuma girmansu ya bambanta, in aiki 3 ke isowa a minti, matsakaicin lokacin da mutum zai jira har takardarsa ta fito daƙiƙa 20 ne. In sun kai 5.4 a minti, kashi 90 cikin 100 na ƙarfinta, jiran ya zama daƙiƙa 100. A 5.7 ya zama 200. Ƙarin aiki kaɗan a kusa da iyaka yana ninka jira. Wannan ne ke sa ofis ya wuni lafiya duk wata, amma ranar haɗa albashi ko makon jarrabawa komai ya tsaya, a ɗora wa uwar garke laifi.

Bambancin girman ayyuka yana ƙara tsananta abin. Kamar wurin injin niƙa ne, mai kwano ɗaya ta iske mai buhu a gabanta: dole ta jira a gama buhun. Windows yana ba da damar a buɗe wa firinta ɗaya layuka biyu masu fifiko daban, daga 1 zuwa 99, ko a ware layin manyan ayyuka da ba ya buɗewa sai bayan tashi daga aiki. Fifiko ba ya katse aikin da ya riga ya fara, na gaba kawai yake zaɓa. Ana kuma iya haɗa firintoci iri ɗaya biyu ko uku a ƙarƙashin layi guda, aiki ya tafi ga wadda ba ta komai. Akwai zaɓin fara bugawa tun kafin a gama ajiye aiki. Yana da daɗi ga mai ƙaramar takarda, amma in kwamfuta mai rauni ce ke turo babban aiki a hankali, ta riƙe firintar ke nan har ta gama. A layin da jama'a ke rububi, gara a jira shafin ƙarshe ya iso, a kuma fara da ayyukan da suka kammala ajiya.

7.0 Wuta da Yanayi

Littattafan kamfanoni ba su cika magana kan wannan ba, amma mu da ke aiki inda ake ɗauke wuta a koma janareta mun san shi. Duk ɗaukewa, firinta tana mutuwa tana tashi. Sashen da ke gasa tona a kan takarda, mai zafin kusan digiri 200, sai ya sake ɗumama. Suwic ɗin da ke bin tsohuwar ƙa'idar 802.1D yakan riƙe baki daƙiƙa 30 kafin ya bar bayanai su wuce. Firintar da ba a ba ta adireshi tsayayye ba tana iya tashi da sabo, uwar garke ta ci gaba da ƙwanƙwasa tsohon. Aikin da aka katse a tsakiya yakan koma farko. In uwar garken ce ta mutu ba shiri, tana iya barin gurguwar SPL da za ta hana manhajar jera aiki tashi. A CUPS ta asali, firintar da aka kasa isa gare ta ana tsayar da ita ne har sai an ba da umarnin cupsenable, don haka ya kamata a mayar da ErrorPolicy zuwa retry-job. Uwar garke da suwic su hau UPS ko inbata. Firintar lesa kuwa kada a ɗora ta a kan ƙaramin UPS, wutar da take ja lokacin ɗumama za ta kayar da shi da duk abin da ke kansa.

Ƙurar hunturu tana sa robar jan takarda santsi, bushewar iska tana manne takardu, danshin damina yana lanƙwasa su. Duk wannan yana fitowa a ma'aunin Print Queue a matsayin kurakuran rashin shiri. In adadinsu ya yi yawa a firinta ɗaya, mai gyaran inji ake nema.

8.0 Abin da ya Rage ga Masu Sayayya

Duniyar bugu tana barin direbobin kamfanoni. Apple ya fito da AirPrint a 2010, ƙungiyar Printer Working Group ta fitar da IPP Everywhere a 2013, CUPS ta sanar da cewa za ta daina amfani da tsofaffin direbobi. A Satumba 2023 Microsoft ya bayyana shirinsa na daina rarraba direbobin wasu kamfanoni ta Windows Update daki-daki, Windows 11 sigar 24H2 kuma ta zo da tsarin bugu mai kariya da ke aiki da firintoci masu shaidar Mopria kawai. Firintar da ke jin IPP tana faɗa wa kwamfuta abin da take iyawa da kanta, babu manhajar wani da za ta shiga cikin spoolsv.exe. Kaso mai yawa na abin da aka bayyana a sashe na 4.0 zai kau da wannan.

Sai dai ma'aikatunmu suna ci gaba da sayen firintoci masu arha da aka yi don tebur ɗaya, a haɗa su da uwar garke a ce sashe guda ya yi amfani da su. Jami'in kwamfuta ba ya cikin zaman da ake yanke shawarar, sai an kawo kaya a kira shi ya haɗa. Ina kira ga shugabannin sassan fasaha da su sa sharaɗi biyu a rubuce: kada a sayi firintar da za a raba a hanyar sadarwa sai tana jin IPP kuma ƙarfinta ya dace da aikin ranar da ta fi cunkoso, kada kuma a sa hannu a takardar neman sabuwar uwar garke sai an haɗa ta da awon mako guda daga rajistar PrintService ko ta CUPS.